Waƙa a Kan Takarda: Abin da Ɗab'i Ya Kama da Abin da Ya Kuɓuce Masa a Tsofaffin Waƙoƙin Hausa

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a duba yadda tsofaffin waƙoƙin da jama'a suka yi yayi suka shiga takarda a ƙasar Hausa, sa'an nan a auna abin da takardar ta iya riƙewa da abin da ya zurare mata. Zan tsaya a garin Kaduna in yi wannan awo, domin a arewacin kogin wannan gari ne aka kafa gidan rediyon da ya fi kowane tasiri wajen yaɗa waƙar Hausa, kuma nan ne Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da Gidan Arewa suke. Da'awar da nake son in kafa ita ce: matanin waƙar baka da muke bugawa wani sashe ne kawai na waƙar, amma mu manazarta mun daɗe muna yanke wa makaɗa hukunci da shi kamar shi ne waƙar ɗungurungum. Wannan ya ɗaga wasu makaɗa, ya kuma tauye wa wasu haƙƙinsu. Kafin in kai ga haka, ya kamata mu leƙa ƙasashen da buga waƙa a takarda ya zama babbar sana'a, don mu san abin da muke kwatantawa da shi.

2.0 Waƙoƙin Falo a Ingila da Amurka

A ƙarni na 19, yayin da masu matsakaicin hali a Ingila da Amurka suka sami sukuni, fiyano ya zama kayan ɗaki, kamar yadda jeren kwalla da tasoshi yake a ɗakin amarya a wurinmu. Gidan da ke da fiyano kuwa yana bukatar abin kaɗawa. Sai kamfanonin ɗab'i suka shiga buga waƙoƙi ɗaya ɗaya a 'yan shafuna, da hoto a bango. A ciki akwai layuka biyar biyar, an ɗora musu alamomi masu nuna hawa da saukar murya da tsawon kowane sauti, kalmomin waƙar kuma suna ƙarƙashi, kowace gaɓa a daidai alamarta. Da dare iyali su taru a falo, 'yar gida ta zauna ta kaɗa, wani ya rera. Daga nan sunan waƙoƙin falo ya samo asali. "Home, Sweet Home" ta 1823 da "The Lost Chord" ta Arthur Sullivan ta 1877 suna cikin fitattunsu. A Amurka, "After the Ball" ta Charles K. Harris ta sayar da miliyoyin kwafe a shekarun 1890, har masu wannan sana'a suka yi unguwa guda a birnin New York wadda ake kira Tin Pan Alley.

Abin lura a nan shi ne an raba waƙa da mawaƙi. Wani ya tsara kalmomi, wani ya sa kari, kamfani ya buga, shahararren mai rerawa kuwa ɗan talla ne kurum, aikinsa ya sa mutane su je su sayi takarda. Kuɗin yana cikin yawan kwafen da aka sayar. Saboda haka dole waƙar ta yi sauƙin da hannun koyau zai iya kaɗawa, muryar da ba ta horu ba kuma ta iya kaiwa ƙarshenta. Jigoginta ma ba su cika wuce kewar gida da rabuwar masoya da mutuwar ƙaramin yaro ba. Ba na jin da yawansu za su iya tsayawa kusa da ɗiyan Narambaɗa wajen zurfin magana. Amma suna da wata riba guda: garmaho da rediyo sun karya kasuwarsu tun daga shekarun 1920, waɗanda suka fara rera su duk sun ƙaura, duk da haka wanda ya iya karatun alamomin zai ɗauki takardar yau ya fitar da karin kamar yadda mai shi ya sa shi.

Akwai kuma wata tsohuwar hanya a Ingila wadda ta girmi wannan, tun ƙarni na 16. Ana buga kalmomin waƙa zalla a falle ɗaya, a sayar a bakin titi, a rubuta a sama cewa a rera ta da karin waƙa kaza da kowa ya sani. Wannan ita ce 'yar'uwar abin da muka yi a ƙasar Hausa.

3.0 Dalilin da Ya Sa Kasuwar Ba Ta Ci a Nan Ba

Ba rashin fasaha ya hana Bahaushe rubuta karin waƙarsa ba. Babu mai saye ne. Kiɗa da roƙo sana'a ce ta wasu gidaje, yawanci ta gado, kamar yadda M. G. Smith ya bayyana tun 1957 a nazarinsa na roƙo. Magidanci mai mutunci yana sauraron waƙa, yana kyauta a kanta, amma ba ya rataya kalangu a zaurensa, balle ya sa 'yarsa ta koya. Abin da ya yi kama da falon Turawa a wurinmu shi ne tsakar gida, inda mata ke waƙar daka da niƙa da daɓe da kiɗan ƙwarya, su kuwa daga bakin iyaye suke ɗauka, ba su da bukatar takarda. Sa'an nan makaɗi ba daga kwafe yake ci ba. Daga hannun ubangida yake samu: riga, doki, mota, kujerar Makka. Waƙar ma da sunan mutum guda aka ɗinka ta, da na iyayensa da barorinsa. Wa zai sayi takarda ya koma gida yana rera yabon wani?

Ba a rasa masu karanta alamomin kiɗa a Kaduna ba. Tun da garin ya zama hedkwatar Arewa a 1917 yake garin bariki, 'yan badujalar soja da na 'yan sanda kuwa da takarda a gabansu suke busa. Ƙungiyoyin mawaƙan coci su ma suna koyon kari da tsarin do-re-mi. Sai dai wannan ilmi ya tsaya a bariki da coci, bai tsallaka zuwa wurin makaɗan kalangu da kotso ba. Ko littattafan waƙoƙin coci na Hausa da ke hannun jama'a, yawanci kalmomi ne kawai a ciki, kuma da yawa daga cikin tsofaffin an ɗora su ne a kan karin Turawa, shi ya sa wani lokaci kunne ke jin murya ta hau a inda harshen Hausa yake son ta sauka.

Da ɗab'in boko ya kafu a Zariya, daga Kamfanin Gaskiya zuwa hukumar NORLA a shekarun 1950, zuwa kamfanin NNPC daga 1966, rubutattun waƙoƙi aka fara bugawa: na Sa'adu Zungur, da Mu'azu Haɗeja, da Aliyu Namangi, daga baya Fasaha Aƙiliya ta Aƙilu Aliyu a 1977. Waɗannan sun zauna lafiya a takarda, domin da alƙalami aka haife su, suna da baiti da ɗango da amsa-amo, kuma da yawansu suna bin ma'aunan aruli, kamar yadda M. K. M. Galadanci ya nuna a 1975. Amma ko su ɗin, littafin tuni ne kawai. Imfiraji ta Namangi, wadda manazarta suka danganta karinta da kiɗan caji, a bakin makafi da almajirai jama'a suka san ta, a kasuwa da tasha da ƙofar gida. Wanda ya sayi littafin ya riga ya zo da karin a kunnensa. Muddin kunnen yana nan, babu asara. Matsala tana farawa ne ranar da mai karatu ya zo ba da kunnen ba, kuma ɗalibanmu na yau da yawa haka suke zuwa.

4.0 Rediyon Kaduna a Matsayin Maɗaba'a

Aikin da kamfanonin New York suka yi wa waƙar Amurka, a nan gidan rediyo ya yi shi. A 1962 Gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna ta kafa kamfanin watsa labarai na BCNN a Kaduna, da haɗin gwiwar kamfanonin Granada da EMI na Ingila, kafin a mayar da sashen rediyonsa ƙarƙashin Rediyon Tarayya a 1978. Ta gajeren zango a kan mita 49 muryar Kaduna ta kai Nijar da Kamaru da Cadi da zangunan Gana. Makaɗin da a da sai an je fadar ubangidansa ko gidan biki a ji shi, sai ga shi a shagon tela da rumfar mai shayi. Shirin Zaɓi Sonka ya ba mai sauraro damar ya nemi waƙar da yake so ya gai da 'yan'uwa da ita, wato dai ya mallaki waƙar na ɗan lokaci ba tare da ya rera ta ba. Faifan garmaho, musamman na EMI, da kaset daga baya, suka ƙarasa aikin.

To amma na'ura ita ma tana da nata hukunci. Abin da take kamawa rerawa ɗaya ce, ta rana ɗaya, a cikin ɗakin ɗaukar murya, babu ubangida a zaune, babu masu liƙi, ga kuma agogo yana jira. Da an yi ta maimaita wannan rerawa a rediyo, sai ta zama ita ce waƙar a wurin jama'a. Daga nan ɗalibi ya ɗauki kaset, ya zauna ya rubuta abin da ya ji, malami ya duba, a ƙarshe a buga. Ashe kafin waƙa ta iso shafin da muke nazari ta bi ta rariya biyu. Ta farko ta tace fage da jama'a, ta biyu ta tace murya da kiɗa.

Ban faɗi haka don in rage darajar masu wannan aiki ba. Juzu'an Diwanin Waƙoƙin Baka na Sa'idu Muhammad Gusau sun yi wa makarantu hidima mai yawa. Ba don irinsu ba da waƙar baka ba ta sami kujera a jami'a ba. Abin tambaya shi ne me muke yi da matanin bayan ya zo hannunmu.

5.0 Wanda Takarda Ta Ɗaga da Wanda Ta Tauye

Mu ɗauki makaɗa huɗu mu shimfiɗa su a kan shafi.

Ibrahim Narambaɗa, makaɗin kotson Sarkin Gobir na Isa, takarda ta karɓe shi hannu biyu. Makaɗan fada sukan zauna da yaransu su tsara ɗiya, su maimaita har su zauna daram kafin a fita. Saboda haka ɗiyansa a cike suke da kamance da zambo da habaici da tarihin gidan sarauta, ko an cire kotso akwai abin da ido zai ci. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, shi ma bai yi asara mai yawa ba, amma ta wata fuska dabam. Shi kaɗai yake waƙa da kuntiginsa mai tsarkiya ɗaya, ba shi da 'yan amshi, kuma yawancin waƙoƙinsa labari ne ko hoton wani talaka a bakin sana'arsa, irin ta karen mota. Labari kuwa yana iya tafiya da ƙafarsa a kan takarda.

Mamman Shata fa? Nan ne rigimar take. Wanda bai taɓa jin Shata ba, aka miƙa masa matanin wata waƙarsa, abin da zai gani shi ne gindi gajere, an maimaita shi sau da yawa, tsakani kuma ga layi ɗaya ko biyu, wani lokaci sunan mutum ne kawai da na garinsa. Zai ce ina abin yake? Mai rubutawa ma yakan gaji, ya sa kalmar "amshi" a gefe, ko ya share maimaicin gaba ɗaya don tsimin takarda. Alhali ƙarfin Shata yana cikin abubuwan nan da aka share. Yana cikin inda yake faɗowa a kan kalangu, wani sa'i ya riga kiɗan, wani sa'i ya bar shi ya wuce sannan ya cim masa. Yana cikin yadda yake jan wasali ɗaya har sai sunan mutum ya yi nauyi. Yana cikin shirun da yakan yi ya bar 'yan amshi su zagayo sau biyu ko uku, jama'a suna jiran abin da zai fito. Amshin da ido ke gani kamar maimaici, a kunne shi ne dokin da mawaƙin ke sukuwa a kai. Bugu da ƙari, Shata a fage yake ƙirƙira. Bakandamiyarsa ba sau ɗaya ya rera ta ba, kuma ɗiyan wata rerawar sun saɓa da na wata. In muka buga ɗaya muka kira ta Bakandamiyar Shata, ba tare da mun ce wacce ba, mun ba mai karatu abin da bai cika ba. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988, shekara 11 kafin rasuwarsa a 1999, kuma ba don abin da ke kan takarda ta ba shi ba.

Barmani Coge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ta fi kowa cutuwa. Kiɗan ƙwarya na amada kiɗan taron mata ne, da guɗa da shewa da rawa da raha. In aka tsame kalmomin daga cikin wannan aka shanya su a shafi, sai su zama kamar zancen da bai kai a yi nazarinsa ba, wani ma ya ga batsa kawai. Wanda ya ji ta a fage ya san cewa tana yi wa mata huɗuba ne a kan sana'a da zaman kishi da riƙon kai, da harshen da suke ji.

Sakamakon wannan shi ne ma'auninmu ya karkata. Kayan aikin da muke koya wa ɗalibai, wato jigo da salo da zubi da tsari da adon harshe, an ƙera su ne bisa abin da ido ke gani. Duk makaɗin da fasaharsa ke cikin kalma sai ya ci jarrabawa, wanda tasa ke cikin lokaci da numfashi sai a ce waƙarsa ba ta da zurfi. Ko makaɗan fadan ma ba su tsira sarai ba. A ƙungiyar Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, jagora yakan fara magana yara su karɓe su ƙarasa, har su yi ƙari nasu, amma a shafi sau da yawa sai a jera duka kamar baki ɗaya ya faɗa. Wasu masu rubutawa kuma sukan gyara Sakkwatancin makaɗi ya koma daidaitacciyar Hausa, da kyakkyawar niyya, ba su lura ba cewa sauya gaɓa ɗaya yana iya karya karin layin duka. Kada mu manta kuma cewa rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali, ba ya nuna karin sauti, alhali Ɗalhatu Muhammad ya nuna tun 1980 cewa karin sauti yana da aiki har a amsa-amon rubutacciyar waƙa.

6.0 Ko Alamomin Turawa Za Su Fisshe Mu?

Wani zai ce to sai mu ari layukan nan biyar. An gwada, kuma an amfana. David Ames da Anthony King sun fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971. Paul Richards a 1972 ya auna dangantakar karin harshe da karin rerawa a wata waƙar Hausa. A 2019 Bruce Hayes da Russell Schuh sun bi rerawar waƙoƙin da ke kan ma'aunin rajaz gaɓa gaɓa. Sai dai da Turanci aka yi waɗannan ayyuka, don masana, ba don makaɗi ko ɗalibin Hausa ba. Kuma alamomin suna da iyaka. An tsara su ne bisa matakai irin na fiyano, inda kowane sauti yake da gurbinsa. Kalangu kuwa a hammata ake matse igiyoyinsa, murya ta zame daga ƙasa zuwa sama ba tsani, kuma magana yake yi: yana da take, yana kiran suna, yana habaici. Wanda ya rubuta bugunsa bai rubuta abin da ya ce ba, ya bar rabi. Ko da fiyanon lantarki ya mamaye ɗakunan waƙa na Kano da Kaduna daga shekarun 1990, da kunne matasa suka koye shi, ba da takarda ba.

A ganina abin da ya fi kusa da hannunmu shi ne mu ɗaure kowane matani da rerawar da aka ɗauko shi. A saman kowace waƙa da za a buga a faɗi wane faifai ne ko wane kaset, ina aka ɗauka, a wace shekara in an tabbatar, wane abin kiɗa, 'yan amshi nawa. A bar amshi a duk inda ya faɗo, ko da shafi zai ƙaru. A bambanta bakin jagora da na yara. A bar wa makaɗi karin harshen garinsu. Gindin waƙa aƙalla a sa masa alamar tsawon wasali da karin sauti, tun da masana harshe sun riga sun tanadar mana hanyar yin haka. Inda waƙa take da rerawa biyu ko uku, a buga su gefe da gefe, domin a tsakaninsu ne ake ganin hannun mawaƙi. A aji kuma kada a buɗe littafi sai an saurara.

Duk wannan ya rataya ne a kan samun asalin muryoyin. Gidan Adana Takardun Tarihi da ke Titin Yakubu Gowon, da Gidan Arewa da Abdullahi Smith ya assasa a Titin Rabah a 1970, an san su ne da takarda, takarda kuwa in ta tsira daga gara da ruwa tana iya shekara ɗaruruwa. Zaren na'ura ba haka yake ba. Zafi da laima suna cin sa, na'urorin da ke juya shi kuma an daina ƙera yawancinsu. Gaskiya ne tsofaffin waƙoƙi da yawa suna yawo yau a YouTube da wayoyin hannu, amma akasari babu shekara, babu wurin ɗauka, wani lokaci an yanke farko ko ƙarshe, wani lokaci ma an laƙaba wa wani makaɗi waƙar wani. Waɗanda za su iya sauraron faifai su ce wannan a Kaduna aka yi ta, ga wanda ya riƙe kalangu, ga dalilin da ya sa aka ambaci wane, su ne ragowar 'yan amshi da makaɗan ƙungiyoyin nan da tsofaffin ma'aikatan rediyo. Sassan Hausa na Zariya da Kano da Sakkwato da Kaduna suna da ɗaliban da ke neman batun kundi kowace shekara, ana iya raba musu faya-fayan, kowa ya ɗauki nasa ya tafi wurin waɗannan dattawa tun suna iya ba da amsa.